Maganar Da Iya Maiturare Ba Ta Ƙarasa Ba

Likita Nu'uman ya yi suna a wani asibiti a Daura saboda sauri. Kafin mara lafiya ya gama gyara zama, shi ya gama rubuta magani. Ɗaliban da ake turo masa koyon aiki ma abin da yake koya musu ke nan.

"Mutanenmu in ka sake musu baki, daga auren kakarsu za su faro maka," in ji shi. "Ka tambayi inda ke ciwo, ka wuce."

Ɗalibai su yi dariya. Dariyar malami ai dole ce, duk mun yi ta.

Wata safiya aka shigo da wata dattijuwa daga wani ƙauye a bayan Baure, ana kiranta Iya Maiturare. Wanda ya kawo ta a babur Ikrima ne, mijin 'yarta ta fari, mai sayar da awaki. Mutumin kirki ne, don haka bai tsaya a waje ba. Ya shigo, ya tsaya a kanta riƙe da kati.

"Ranka ya daɗe, jiri ne da ciwon baya," in ji Ikrima. "Kuma ba ta cin abinci."

Iya ta juya fuska wajen bango, ta ja mayafi. Can ta ce a hankali, "Likita, tun bayan rasuwar Malam ne na fara ganin..."

Likita ya katse ta: "Allah ya jiƙansa. Iya, bayan ne ko ƙugun?"

Ta saci kallon ƙafafun surukinta. "Bayan ne."

Likita ya juya ga ɗalibai. "Tsufa da ƙarancin jini. Kun ga ba mu ɓata lokaci ba."

Ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Sandamu aka haife shi, kuma tasa uwar ko ruwa ba ta sha a gaban suruki. Amma ranar bai ga suruki ba, ɗan rakiya kawai ya gani mai saurin ba da amsa.

Iya ta dawo, ta kuma dawowa, kullum da Ikrima, tunda shi ke da babur. Kullum a ƙara mata maganin ƙarin jini. In an tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi.

Bayan girbi aka kawo ta a kwance cikin mota. Wannan karon 'yarta Murjanatu ce ta biyo ta. Ita ta ja Likita gefe.

"Jini ne ya dawo mata, Likita, bayan shekaru da ɗaukewa. Tsummokaran da take sawa na tarar ta binne a bayan ɗaki. Na ce Inna, me ya hana ki faɗa a asibiti? Ta ce da wane bakin, ga mutumin nan a tsaye?"

Gwaji ya nuna ciwon daji ne a bakin mahaifa, kuma ya riga ya bazu. Likita ya san irinsa sarai, da bakinsa yake karantar da shi. Ya kuma san cewa a zuwanta na farko akwai sauran abin yi.

Ya je gadonta, ya jawo kujera ya zauna, abin da ma'aikatan ɗakin ba su taɓa gani ba.

"Iya, ran nan kin faro mini wata magana. Ki ƙarasa, ina ji."

Ta dube shi da idanun da suka faɗa. "Bar shi, ɗana. Ai kana da mutane a waje. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka."

Kafin Juma'a, Iya ta cika.

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Albarkar nan ce ta zauna masa. Yana cikin rubutu sai biro ya tsaya, ya ji muryar daga wajen bango: tun bayan rasuwar Malam ne na fara ganin... Sai ya ɗaga kai yana jiran saura. Kujera ce kawai a wurin.

Yanzu layinsa ne ya fi kowane jinkiri a asibitin, har masu shara na yi masa tsiya. Kafin ya taɓa kowa sai ya tambayi ɗan rakiya, "Kai wane ne nata?" In suruki ne, ko ɗan fari, ya roƙe shi ya ɗan sha iska a waje, ya kira ma'aikaciya mace. Sannan ya ajiye biro.

Wani ɗalibi ya taɓa ce masa, "Malam, ai sai ta faro daga auren kakarta."

"Bar ta ta faro," in ji shi. "Ciwon yana cikin labarin."

Jama'a, masu koyar da aikin lafiya da masu koyo: mara lafiya mutum ne mai gida, da kunya, da labari. Ku duba wanda ke tsaye a kansa, kuma ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, tun yana da numfashin ƙarasawa.