Manomin da Ya Je Kallon Kakar Almon

Ka ɗauki misalin wani manomi a ƙasar tuddai, inda sanyi ke da ɗan kaifi. Tafiya ta kai shi wata ƙasa mai nisa daidai lokacin kaka, ya ga gonakin almon, bishiyar nan mai 'ya'ya kamar ƙwayar gyaɗa, jere reras kamar sahun Idi. Ruwa na ɗiga a gindin kowacce ta siririn tiyo, inji na kama bishiya ya girgiza, 'ya'ya na zuba. Mutumin ba wawa ba ne, duk abin da ido ya nuna masa ya riƙe. Da ya dawo, sai ya sa aka sare ɗorawa da kaɗanyar da ya gada a gonar ubansa, don layi ba ya miƙewa da tsohuwar bishiya a tsakiya. Amyar da ke rataye a kansu aka sauke, ƙudan zuma suka watse. Ai can bai ga ko ɗaya ba. Matarsa ta ce, "Malam, to kalwar daddawa fa?" Ya ce nan gaba kaɗan saye za ta riƙa yi, kamar matan manya.

Ya dasa almon, dashe ya kama. Shekarar da bishiyoyin suka isa haihuwa suka yi fure fari fat, har masu babur na tsayawa ɗaukar hoto. Fure ya kaɗe, bai bar komai ba. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya ƙara feshi, feshin ya sallami 'yan ƙudan da suka yi ɓatan kai suka shigo. Wata shekarar ma haka. Gona kam ta yi kyau, sai dai ba a tuƙa tuwo da kyan gona. Sai ya koma can, wannan karon lokacin fure. Tun daga bakin hanya ya ji gonar na ƙugi. Ashe akwatunan ƙudan zuma ake kawowa a manyan motoci, a kwashe su tun kafin kaka. Su ke kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan, in babu su, babu 'ya'ya. Ya ce wa mai gonar, "Amma ba ku gaya mini wannan ba." Mai gona ya ce, "Ai injin ka yi ta tambaya." Har yau yana nan gida yana lallashin zuma ta dawo gonarsa, ita kuwa ba ta nuna alamar gaggawa ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.