Ƙarar da Malam Mordecai Kaɗai Ke Ji

Duk sanda Malam Mordecai ya hau tudun rage gudu na bakin ƙofar jami'a, sai ƙafar motarsa ta gaba ta dama ta ce ƙwas. In ya faɗa rami, ta ce ƙwas-ƙwas. Tun bayan Ista ta fara, kuma daga Samaru har PZ ba ta fashi.

Matsalar ita ce, ban da shi babu mahaluƙin da ya taɓa jin ta.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Ya yi ritaya da tabarau, da tsohuwar Toyota mai ruwan toka, da doka guda wadda ko fasto bai isa ya karya ba: ba mai taɓa masa sitiyari. Bakaniken da ke son jin ciwon motar sai dai ya shiga gefen direba. Malam da kansa zai buɗe masa ƙofa, ya jira ya zauna, ya rufe a hankali, sannan ya zagaya. Kanikawan Sabon Gari suka ce ba su taɓa ganin kwastoma mai ladabi irinsa ba.

Wanda ya fi shan wannan ladabi shi ne Celestine, mai gyaran ƙafar mota a bayan PZ, haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi ta wasu Zagezagin. Sun bi hanyar Basawa tare. Sun zaɓi ramukan da ko masu keke napep ke kauce wa, sun faɗa da gangan. Motar ta yi tsit kamar tana jin wa'azi.

Celestine ya ɗaga ta a jak, ya girgiza tayar sama da ƙasa, hagu da dama. Ya canja shokozoba don a zauna lafiya. Da Malam ya dawo da ƙorafinsa, ya canja tayirod don a ƙara zama lafiya. Kullum a rabu da murna, kullum kafin Malam ya wuce Kwangila, shi kaɗai a mota, ta ce ƙwas.

Magana ta fara yawo. Matan zumunta na coci, waɗanda suka ɗauki al'adar kawo masa abinci a 'yan watannin nan, suka ce sun gan shi yana tuƙi yana surutu ba kowa a gefensa. Wata ta ce ya tsaya gaban mai kayan miya ya yi ta jira, bai sauka ba, bai sayi komai ba. Ba su gaya wa kowa ba, sai dai 'yarsa Stephanie da ke Kaduna, da kuma duk wanda suka haɗu da shi a hanya.

Stephanie ta iso ran Asabar da shawararta a kammale. In dai ita ma ta shiga ba ta ji komai ba, za ta karɓi makullin, Baba ya koma Kaduna, ga ɗaki an riga an share masa. Malam bai yi musu ba. Ya san ɗakin, tagarsa katanga take kallo. Motar nan kuwa ita kaɗai ke fitar da shi daga gida.

Ya buɗe mata ƙofa, ta zauna. Suka hau tudun bakin jami'a, shiru. Ya koma ya sake hawa, shiru. Har suka isa garejin Celestine babu abin da ya yi ƙara sai numfashin tsohon.

"Baba, ba ni makullin," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Ya miƙa mata, ya je ya zauna kan bencin da ke ƙarƙashin dalbejiya, ya ɗora hannuwa bisa gwiwa. Ta shiga, ta ja motar ita kaɗai za ta sha mai kafin su kama hanya.

Ko layin ba ta fita ba sai ta taka ɗan rami. Ƙwas-ƙwas.

Ta dawo da baya-baya, fuskarta ta canja. Celestine ya saurare ta, ya sosa ƙeya. Maimakon jak, sai ya dafa gefen dama na motar da hannu biyu, ya danna ya saki. Ƙwas. Ya ce wa Stephanie ta shiga ta zauna a gefen direba. Ya danna ya saki, shiru. Ta sauka, ya danna, ƙwas. Sai ya kwanta ƙarƙashi da dogon ƙarfe, ya banƙara hannun ƙafar, ga robar da ke riƙe da shi: waje sumul, ciki ta rabe gida biyu.

Stephanie ta je ta durƙusa gaban mahaifinta, ta sa masa makullin a tafin hannu.

"Baba, kunnenka lafiya lau," in ji Celestine yana goge hannu. "Amma robar nan ta yi shekaru da mutuwa, ba tun Ista ba. In da mutum a kujerar, nauyinsa ke danne ta. To wa ya daina shiga motarka?"

Malam Mordecai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Tun ranar da ya sayi motar bai taɓa fita ba sai da matarsa Keziya a wannan kujera, kuma ranar da ya fara jin ƙarar, daga binne ta yake dawowa.