Jirgin Cokali

Kwana biyar ke nan farantin autarta yana dawowa tas, yarinyar da sai an yi dambe take cin loma uku. Uwar ta leƙa kwandon shara, ta duba ƙarƙashin gado, har kyanwa ta harara.

"Ke, a ina kike cin abincin nan?"

"Ɗakin Kaka. Littafina mai hotuna muke dubawa."

Ruwa ba ya tsami banza. Yau sai uwar ta laɓe bayan labulen ɗakin Kaka.

Littafin yana buɗe a shafin da cokali ya zama jirgi.

"Jirgi ya taso, kogo ya buɗe!" in ji yarinyar. "Ɗaya naka, ɗaya nawa."

Tsohon, wanda tun rasuwar matarsa kwanonsa ke dawowa a rufe, ya buɗe baki.