Inda Motar Ke Mutuwa

"Anti, ai babu abin da zan canza," in ji bakaniken, kansa cikin bonet.

Ta kawo tsohuwar motar marigayi mijinta ne a sa mata na'urar tayar da inji ta zamani, a ɓoye, kada masu duba motocin tarihi su ƙwace lambarta. Shekara ashirin, duk ranar da doka ta yarje musu ita da mijin su fito da motar, sai ta mutu a bakin tekun Changi. Mijin ya ari magogin farcenta, wai zai kankare kontak, ɗan ƙarfen da ke ba injin wuta. Ita kuwa ta zauna tana masa tsiya, jiragen ruwa rataye tsakanin sama da teku, har rana ta yi ja. Yanzu da ba shi, wa zai tayar mata?

"Kontak ɗin fa? Shi ke ba mu wahala."

"Wane kontak? An riga ni tun tuni. Ga na'urar nan, har ta tsufa. Motar nan bugu ɗaya take tashi."

Ta ciro magogin daga jakarta. Ko ɗigon baƙin mai babu.

"Tsohon maƙaryaci," ta ce a hankali, tana tuna mijin. "Rufe bonet ɗin. Changi za ni."