Ragon da Ya San Muryar Mai Shi

Mako uku ke nan Fasto Awini yana zuwa garken Osumanu a unguwar Maamobi kowace safiya, ya tsuguna gaban wani farin rago, yana lallaɓa shi da murya kamar mai neman aure.

Kujerarsa ce ke rawa. Cocinsa ƙarami ne, a saman shagon wani tela, kuma da ya buɗe baki sai tsofaffi su fara gyangyaɗi. Ƙara ta kai babban coci a Adabraka, aka ce Dattijo Akolgo zai zo ran Lahadi ya ji da kunnensa, sannan a san ko Fasto zai zauna ko zai tattara ya koma ƙauye. Akolgo mai gidan burodi ne, sarkin tsaki, kuma 'yan kwanakin nan ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Fasto ya taɓa yin kwas na wata uku, inda malaminsu ya ce ba a gane Linjila sai an san zaman Yahudawan da aka fara faɗa wa ita. A ƙasarsu makiyaya da yawa kan zuba tumakinsu garke ɗaya, da mai gadi a ƙofa. Da safe kowa ya tsaya ya yi kira, nasa su ware su bi shi. Shi ya sa da Yesu ya ce tumaki sun san muryar makiyayinsu, wanda kuma ya haura ta katanga ɓarawo ne, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Su kuwa mutanen Fasto 'yan dako ne da masu tuyar ƙosai. Sai ya ce gani ya kori ji, zai nuna musu da rago mai rai.

Ya sayi ragon ne a bayan tashar Tudu, a hannun wani mutum mai sauri, a farashin da ko akuya ba ta samuwa. Fasto ya ce tsuntsu ne daga sama gasasshe. Ya kai shi wurin Osumanu, maƙwabcinsa mai sayar da ragunan layya, aka zuba shi cikin dabbobi talatin.

Da Osumanu ya ji shirin Fasto, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce da wurinsa aka zo, da ya koyar da wannan karatun kyauta, don kakansa ma haka yake ware dabbobinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ragon: ba ya cin dusa, ba ya kallon harawa, sai burodi mai suga, shi ma sai an jiƙa.

"Fasto, wannan rago kunnensa na wani waje," in ji shi.

Fasto ya ce sabo ake yi. Ya sa wa ragon suna Albarka, ya ci gaba da kira. Wani lokaci ragon kan motsa kunne, amma yawanci ƙuda ne.

Ran Lahadi wa'azin ya tafi daidai, mutum biyu kawai suka yi barci. Da ya gama bayanin garke da ƙofa da katanga, sai ya ja jama'a suka sauko, suka bi lungu suna tsallake kwata, Dattijo Akolgo a baya cikin farar kwat, fuska a murtuke. 'Yan unguwa suka cika bakin garken, har da masu kallo ta taga.

Osumanu ya buɗe ƙofa. Fasto ya gyara murya ya kira Albarka.

Ragon ko gezau.

Ya sake kira da taushi, ya kira da faɗa, ya kira da waƙa. Wata baƙar tunkiya ta zo ta shinshina takalminsa ta koma. Tsofaffi suka fara ƙunshe dariya cikin mayafi. Gumi ya karyo wa Fasto, tsoro ya kama shi na gaske, har yana hango kansa a motar ƙauye da katifa a sama.

Daga can baya Dattijo Akolgo, wanda bai ko leƙa garken ba, ya ja wani dogon tsaki ya juya zai tafi.

Farin ragon ya ɗaga kai. Ya yi kuka ɗaya, ya ture raguna biyu, ya bi ta tsakanin ƙafafun Fasto ya kayar da shi, ya ratsa jama'a kamar an harbo shi, bai tsaya ba sai da ya cusa kai cikin aljihun farar kwat.

Dattijon ya durƙusa a ƙasa ya rungume wuyan ragon, idonsa ya ciko. Sannan ya ɗago ya dubi Fasto, wanda ke kakkaɓe wando.

"Karatunka gaskiya ne, Fasto, na shaida. Yanzu koma mana wurin mai haurawa ta katanga, don mako uku ke nan ina neman ragona."