Idon Hagu

Mai hoto ya sake goge bayan kyamarar da gefen rigarsa. Maiƙon hancin matar ne, kamar kullum.

"Da idon dama ake leƙawa, Malama. Ke ba bahaguwa ba ce. In kika sa na hagu, hancinki ne zai sha wahala."

"To, Baba," ta ce. Ta ɗaga kyamarar, ta sake kai ta idon hagu.

Tela ce. Ta ce so take ta riƙa ɗaukar hoton ɗinkinta da kanta. Bai tambaye ta abin da ya hana ta amfani da waya kamar kowa ba, don kada ta fasa zuwa. Shagon ya daɗe da zama daga shi sai kujerar baƙi da koɗaɗɗen labule. Ɗansa tilo ya ƙi gadon sana'ar, suka rabu baram-baram, ya koma wani gari. Bara babur ya kayar da ɗan, aka kawo gawarsa daga asibiti a naɗe. Tun daga lokacin, tsohon yakan kunna fitilun ɗaukar hoto ba don kowa ba, ya zauna a ƙarƙashinsu har su yi zafi.

Duk Asabar takan zo. Ta cire baƙin tabarau, ta ɗiga magani a ido, su fara darasi. Ya koma dafa shayi kofi biyu. Ba ta taɓa kawo ko ɗankwali ta ɗauka ba. Ko me ya ce ta saita, sai ya tarar bakin kyamarar ya juyo kansa.

Wata rana ya gwada ta. Ya sa ta miƙe hannuwa, ta haɗa yatsu ta bar 'yar kafa, ta hango agogon bango ta ciki.

"Rufe na hagun."

"Ya ɓace, Baba."

"Shi ke nan, na hagun ne sarki. Na sallama."

Ranar da ta ce ba za ta ƙara dawowa ba, ya ajiye kofinsa. Bai roƙe ta ba. Ita ce ta roƙe shi ya hau kujerar baƙi. Ya gyara hula, ya zauna. Ta leƙa, ta daɗe ba ta danna ba.

"Malama, wuyana ya gaji. Me kike jira?"

Ta sauke kyamarar, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Baba, na daman ya mutu tun ina yarinya. Na hagun ma ya rufe, sai bara aka yi min dashe. Na sha wuya kafin in gano wanda ya bar wasiyya a ba da nasa." Ta share kumatu. "Ba hoto na zo koyo ba. Idon ɗanka na kawo ya sake ganinka."