Tayoyin da Ya Raina

Tayar gaba ta fashe a ramin hanyar Dandamisa, motar ta zauna cikin laka da huhun goron gaisuwar surukai a bayanta.

Makon jiya mai motar ya bar wa mai faci tsofaffin tayoyinsa masu kauri har da wilinsu kyauta, ya sa manyan wili masu ƙyalli da siraran tayoyi, don gidan budurwarsa su san ɗan birni ya zo.

Amalanken shanu ya tsaya. Mahaifin budurwar ne.

"Sannu, samari. Ɗauko goron, hau mu ƙarasa."

Ya hau, kai a sunkuye. Nan ya ga tayoyin amalanken suna keta laka ko gezau. Har jan fentin da shi da kansa ya shafa wa wilinsu yana nan.